Yauƙin da Ɗauraya Ba Ta Fitarwa: Shiri Kan Tsabtar Kayan Sarrafa Madara

Shirin faɗakarwa na wannan mako zai yi bayani ne a kan wata matsala da ta addabi masu sarrafa madara a ko'ina cikin duniya, tun daga manyan masana'antun da suke sarrafa dubban litoci a kowace sa'a har zuwa ƙaramin ɗakin da ake haɗa yogot ana zubawa a gora ko a leda. Matsalar ita ce yadda ƙwayoyin bakteriya suke manne wa jikin tankuna da bututu da mazubai, su gina wa kansu wata shimfiɗa mai yauƙi wadda ɗauraya ba ta fitar da ita, sa'annan su riƙa gurɓata duk madarar da ta bi ta kansu. Masana kimiyya suna kiran wannan shimfiɗa bayofim, amma a shirin nan za a riƙa kiranta yauƙin bakteriya, domin yauƙi shi ne siffarta da hannu yake iya ji idan ta yi kauri.

Bakteriya halittu ne masu rai waɗanda ƙanƙantarsu ta kai a jera kimanin dubu ɗaya daga cikinsu a tsawon milimita guda, kuma ba dukkansu ne suke jawo cuta ba, domin daga cikinsu ne ake samun waɗanda suke mayar da madara kindirmo. Suna hayayyafa ne ta hanyar rabuwa gida biyu, kuma wasunsu, idan suka sami abinci da ɗumin da ya dace da su, sukan rabu duk bayan minti 20, wanda ke nufin ƙwaya ɗaya tak za ta iya zama fiye da miliyan 2 cikin sa'o'i 7. Madara kuwa tana daga cikin abincin da ya fi dacewa da su, saboda kimanin kashi 87 cikin ɗari nata ruwa ne, sauran kuma maiƙo ne da furotin da sukarin madara da ma'adinai irin su kalsiyam, ga shi ba ta da tsamin da zai hana su girma. An daɗe ana ɗaukar cewa bakteriya suna rayuwa ne ɗaiɗai, suna yawo a cikin ruwa, sai dai bincike ya tabbatar da cewa mafi yawansu sun fi son zama a manne da jikin wani abu, a cikin jama'a. Santsin da ake ji a cikin randar da ta daɗe ba a wanke ta ba, da farin dattin da yake taruwa a gindin haƙori idan aka yi sakaci da asuwaki, duk misalai ne na wannan zama. A kan haƙori ne ma aka fara ganinsa, lokacin da Antonie van Leeuwenhoek, mutumin garin Delft a ƙasar Holan, ya kankaro dattin haƙoransa ya duba da madubin ƙara girman abu, ya kuma aika wa ƙungiyar masana ta birnin Landan bayanin abin da ya gani a shekarar 1683. Ya lura da wani abu da har yau shi ne tushen wannan magana: da ya kurkure bakinsa da ruwan khal mai tsami, sai ƙwayoyin da suke sama-sama kaɗai suka mutu, na can ciki kuwa suka tsira. Sai a shekarar 1978, da masanin nan Bill Costerton da abokan aikinsa suka wallafa bayani a kan yadda bakteriya suke mannewa, wannan fage ya fara samun kulawar da ta kamace shi.

Yauƙin ba ya samuwa a lokaci guda. Da zarar madara ta taɓa jikin ƙarfe ko roba, cikin ɗan lokaci kaɗan wasu furotin da maiƙo da ma'adinanta sukan kwanta a wurin, su yi wata siririyar shimfiɗa da ido ba ya gani, wadda take sauya yanayin jikin ƙarfen ta mayar da shi wurin da ƙwaya za ta iya kamawa, kamar yadda yaɓen farko yake ba yaɓe na biyu wurin kamawa a jikin bango. Ƙwayoyin da suke tafe cikin madarar sai su fara sauka a kai, kuma a wannan matakin riƙonsu bai yi ƙarfi ba, ta yadda wanki na sosai zai tafi da su ba tare da wahala ba. Idan aka bar su na wasu sa'o'i, sai su fara fitar da wani abu mai danƙo daga jikinsu, wanda ya ƙunshi sarƙaƙƙun sukari da furotin da maiƙo da ɓurɓushin sinadarin gado na ƙwayoyin da suka mutu, su lulluɓe kansu da shi, su kuma liƙe da shi a jikin ƙarfen. Daga nan sai su ci gaba da hayayyafa a ciki, shimfiɗar tana kauri, har ta zama tamkar unguwa mai lunguna da magudanai, inda ruwa yake shigar da abinci yana fitar da ƙazanta. Idan aka busar da irin wannan yauƙi aka auna, sau da yawa ƙwayoyin kansu ba su wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa ba, ragowar duk danƙon ne. Ƙwayoyin da suke ciki suna kuma aika wa juna saƙo ta hanyar wasu sinadarai da suke fitarwa, waɗanda yawansu yake sanar da su cewa jama'arsu ta taru, sai su sauya ɗabi'a gaba ɗaya. Matakin ƙarshe shi ne wanda ya fi shafar mai sarrafa madara, domin idan yauƙin ya nuna sai ya riƙa sakin ƙwayoyi, wani lokaci ɗaiɗai, wani lokaci kuma gutsure guda ya ɓalle ya bi madara. Wannan ne ya sa akan ga kayan yau sun yi kyau, na gobe sun lalace, na jibi sun sake yin kyau, alhali madara ɗaya ce, ma'aikata ɗaya ne, kuma ba a sauya komai a cikin aikin ba.

Abin da ya sa wannan zama ya zama abin damuwa shi ne kariyar da yake ba mazauna cikinsa. Gwaje-gwaje da yawa sun nuna cewa ƙwayar da take cikin yauƙi takan jure wa maganin kashe ƙwayoyi ninki goma, wani lokaci har ninki dubu, fiye da 'yar'uwarta mai yawo a cikin ruwa. Dalilan haka sun haɗu ne. Sinadari irin kulorin, wanda shi ne ƙarfin ruwan bilic, yakan ƙare ƙarfinsa a kan danƙon da yake sama kafin ya isa ga ƙwayoyin da suke ƙasa, domin duk wani maiƙo ko furotin da ya ci karo da shi yana cinye shi. Ƙwayoyin can ciki kuma, saboda ƙarancin abinci da iska a inda suke, sukan rage aikin jikinsu su shiga wani hali mai kama da barci, kuma yawancin magunguna sun fi cin ƙwayar da take tsakiyar girma. Ban da haka, danƙon yana riƙe da laima, saboda haka ko an bar na'ura ta sha iska ƙwayoyin ba sa bushewa da wuri. Ko da magani ya kashe na ciki duka, muddin danƙon yana nan a manne, to ya zama shimfiɗaɗɗen masauki ga baƙin da madarar gobe za ta kawo.

Akwai wani abu da yake taimaka wa yauƙin ƙwarai a harkar madara, wanda masu sana'ar suke kira dutsen madara. Duk wadda ta taɓa dafa madara a tukunya ta san ƙanzon da yake kamawa a gindi, haka nan duk mai shayi ya san farin ɓawon da yake taruwa a cikin butar da ake yawan tafasa ruwa a ciki. Dutsen madara haɗin waɗannan biyun ne. Idan zafi ya haura digiri 70 a ma'aunin Salshiyos, wani furotin da yake cikin ruwan madara yakan warware ya manne wa ƙarfe mai zafi, gishirin kalsiyam kuma, saɓanin gishirin miya, narkewarsa raguwa take yi idan zafi ya ƙaru, sai shi ma ya kwanta a wurin. Sakamakon shi ne wani ɓawo fari ko ruwan toka, mai kaushi da ƙananan ramuka, wanda kowane rami a cikinsa ɗaki ne ga dubban ƙwayoyi. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai yawan ma'adinai, irin wanda sabulu ba ya kumfa sosai a cikinsa, yana ƙara saurin taruwar wannan ɓawo.

Mai sauraro zai iya tambayar cewa ai ana dafa madara kafin a sayar, to ina abin tsoro? Hanyar dafawar da ta samo suna daga masanin Faransa Louis Pasteur ita ce a kai madara digiri 72 na daƙiƙa 15, ko digiri 63 na minti 30, kuma wannan ya isa ya kashe ƙwayoyin tarin fuka da na zazzaɓin da ake ɗauka daga ɗanyar madara da akasarin sauran masu jawo cuta. Madarar kwali mai daɗewa kuwa akan kai ta digiri 135 ko fiye na 'yan daƙiƙoƙi. Sai dai dafawa tana tsabtace madarar da ta bi ta wuta ne a wannan lokaci, ba ta da iko a kan bututu da tankin sanyayawa da bakin na'urar ɗurawa da madarar za ta bi daga baya, kuma a nan ne akasarin ɓarnar take faruwa. Kowane sashe na masana'anta yana da irin mazaunansa gwargwadon zafinsa. A wurare masu sanyi, kamar tankin ajiye ɗanyar madara, dangin Pseudomonas ne suka fi yawa. Dafawa tana kashe su, amma sinadaran da suka riga suka zuba a cikin madarar, masu narka furotin da maiƙo, suna jure wa zafi har na madarar kwali, shi ya sa irin wannan madara takan yi ɗaci ko ta daskare bayan makonni alhali ba a buɗe ta ba. A cikin na'urar dafawa kanta, a sashen da madara mai zafi take hucewa, akwai ɗumin da ya dace da Streptococcus thermophilus, ƙwayar da ake so a cikin yogot amma take ɓata wasu nau'o'in cuku idan ta yi yawa. A masana'antun madarar gari, inda ake ƙafar da ruwan madara a zafin da yake tsakanin digiri 40 da 65, akwai masu son zafi irin su Geobacillus da Anoxybacillus, kuma saurin taruwarsu ne yake tilasta wa masu masana'antar tsayar da aiki kusan kullum domin wanki. Dangin Bacillus kuma suna da dabarar shiga wani ƙwanso mai tauri idan rayuwa ta yi tsanani, kuma wannan ƙwanso yana tsallake dafawar digiri 72 lafiya, ya manne wa ƙarfe, ya farka daga baya.

Wadda ta fi tayar da hankali a cikinsu ita ce Listeria monocytogenes, domin tana iya girma a cikin sanyin firiji, tana son magudanar ruwa da ƙasan ɗaki mai laima da lungunan na'ura, kuma cutar da take jawowa tana da tsanani ga mata masu juna biyu da jarirai da tsofaffi da marasa lafiya. Takan jawo ɓari, takan kuma jawo sanƙarau. A ƙasar Finlan, tsakanin 1998 da 1999, mutum 25 suka kamu da ita, 6 suka rasu, yawancinsu majinyata a asibiti, kuma da aka bi sawu sai aka gano cewa daga man shanun wata masana'anta ne, wanda aka yi da dafaffen kirim, aka kuma sami irin wannan ƙwaya a jikin na'urorin masana'antar. A Amurka, a shekarar 2015, kamfanin Blue Bell mai yin askirim ya janye dukkan kayansa daga kasuwa bayan an danganta su da rashin lafiyar mutum 10 a jihohi huɗu, uku daga cikinsu suka rasu a jihar Kansas. Abin lura a wannan lamari shi ne cewa na farkon waɗanda suka kamu ya kwanta ne tun 2010, wato ƙwayar ta yi shekaru tana fitowa daga wurin aikin da ake wankewa a kai a kai. Ko inda ba a rasa rai ba, hasarar dukiya takan yi yawa. A shekarar 2013 kamfanin Fonterra na ƙasar Niyu Zilan ya sanar da cewa tan 38 na garin furotin ɗin madara ya gurɓata da wata ƙwaya da aka ji tsoron mai dafi ce, ta hanyar wani bututu marar tsabta a masana'antarsa ta Hautapu, aka janye madarar jarirai a ƙasashe da dama, Sin ta dakatar da shigo da wasu kayan, sai daga baya gwaji ya nuna cewa ƙwayar ba mai dafin da aka ji tsoro ba ce. Bututu guda ɗaya ne ya jawo wannan duka.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma wannan magana ta dace da kayan madara ƙwarai. An zaɓi ƙarfe marar tsatsa a wannan sana'a ne saboda santsinsa da juriyarsa, har ƙa'idojin ƙera na'urorin abinci suka tanadi cewa kaushin fuskar da madara take taɓawa kada ya wuce maikuromita 0.8, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kusan girman ƙwayar bakteriya guda. Waldar da ba a goge ta ba, da karcen da soson ƙarfe yake bari, da ramukan da bilic mai ƙarfi yake ci a jikin ƙarfe idan aka bar shi ya kwana a kai, duk tsagar bango ce. Haka nan robobin da ake sa wa a mahaɗar bututu, waɗanda zafi da sinadari suke tsufar da su har su tsattsage, da cikin bawul, da famfon tura madara, da guntun bututun da aka toshe ƙarshensa ta yadda madara take shiga ta kwanta amma ruwan wanki ba ya ratsawa. A gonakin da ake tatsa da na'ura, ana ba da shawarar sauya robar da take kama kan nonon saniya bayan tatsa kimanin 2,500 ko wata shida, ko da ido bai ga ta lalace ba.

Game da wankin kansa, wani masanin sinadarai Bajamushe mai suna Herbert Sinner ya bayyana a shekarar 1959 cewa kowane wanki yana tsaye ne a kan abubuwa huɗu, wato sinadari da zafi da gurzawa da lokaci, kuma idan aka rage ɗaya dole a ƙara wani. A kan yauƙin bakteriya, gurzawa ce aka fi yi wa rowa, alhali ita ce take ɓamɓare abin da ya manne. Tsarin wankin kuma yana da jeri wanda saɓa masa yake ɓata aikin duka. Ana farawa ne da ɗauraya nan take bayan an gama aiki, kafin ragowar madara ta bushe, da ruwa mai ɗumi na kimanin digiri 40 zuwa 50. Hikimar wannan ɗumi tana da muhimmanci, kuma a nan ne masu kyakkyawar niyya da yawa suke kuskure: ruwan sanyi yana daskarar da maiƙo ya liƙe, tafasasshen ruwa kuma yana dafa furotin a jikin ƙarfe ya mayar da shi ƙanzo, saboda haka wanda ya fara wanki da kwara tafasasshen ruwa a mazubin da madara take jikinsa ya gina wa ƙwayoyin gida ne da hannunsa. Bayan ɗauraya sai wanki da sinadari mai kaifin toka, wanda a masana'antu soda ce irin wadda ake yin sabulu da ita, a haɗin kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, a zafin digiri 70 zuwa 80, domin ita ce take narka maiƙo da furotin da danƙon yauƙin. Sai a ɗauraye, sa'annan a bi da ruwan asid marar ƙarfi, kamar kashi rabi zuwa ɗaya cikin ɗari, wanda aikinsa shi ne narka dutsen madara, abin da soda ba ta iyawa. Sai a sake ɗaurayewa da ruwa mai tsabta.

A manyan masana'antu ba a kwance bututu domin wannan wanki. Tun shekarun 1950 masana'antun madara suka fara amfani da tsarin wanki a inda kaya suke, wato a riƙa zagaya ruwan wankin da famfo ta cikin hanyar da madara ta bi, a kuma fesa shi a cikin tankuna. A wannan tsari gudun ruwa shi ne yake maye gurbin buroshi, shi ya sa ake buƙatar ya kai aƙalla mita ɗaya da rabi a daƙiƙa, domin ya riƙa tumbatsa yana dukan bangon bututun; idan ya yi sanyin gudu sai ya sulale ta tsakiya ya bar gefe yadda yake. Amfanin tsarin yana da yawa, amma yana da haɗarin sa mutane su saki jiki, su ɗauka cewa tunda na'ura ta kammala zagayenta to komai ya wanku, alhali lungun da ruwa bai isa ba yana nan da abinsa. Saboda haka masana'antar da ta san aikinta takan ware lokaci ta kwance bawul da mahaɗai ta duba da ido ta wanke da hannu, wasu kuma sukan ƙara da wankin inzayim, wato sinadaran da suke yayyanka danƙon, idan yauƙin ya riga ya kafu.

Sai bayan duk wannan ne maganin kashe ƙwayoyi yake da wuri, ko bilic da aka tsarma zuwa kashi 100 zuwa 200 cikin miliyan na kulorin, ko asid ɗin farasetik, ko ruwa mai zafin da ya haura digiri 80 na wasu mintuna, ko tururi. Zuba magani a kan mazubin da ba a wanke ba ɓarnar kuɗi ce, kuma ƙara masa ƙarfi ba ya gyara lamarin, sai dai ya ci ƙarfen ya kuma bar wari a cikin kaya. Akwai gargaɗin da ya wajaba a nan: kada a taɓa haɗa bilic da asid, domin haɗuwarsu tana fitar da iskar kulorin mai guba wadda take ƙona huhu. Soda kuma tana ƙona fata tana makantar da ido, tana kuma cin tukunyar alminiyam, saboda haka ba kayan wankin hannu ba ce. Mai wanki da hannu ya tsaya a kan sabulun wanke kwanuka marar ƙamshi da ruwa mai zafin da hannu zai iya jurewa da buroshi mai kyau, ya biya ragin ƙarfin sinadari da ƙarin gurzawa da ƙarin lokaci.

Wannan bayani ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, domin sana'ar yogot da fura da nono na gora ta bunƙasa a Kano da Kaduna da Zariya da Jos da Yamai da Maraɗi, cibiyoyin tattara madara daga rugage kuma suna ƙaruwa, ga shi zafin ƙasar yana gaggauta duk abin da aka ambata. Abin da ya fi zama ruwan dare shi ne ɗaukar madara a jarkar roba mai ƙaramin baki, sau da yawa wadda aka taɓa zuba man girki a cikinta. Hannu ba ya shiga cikinta, buroshi ba ya kaiwa kusurwoyinta da cikin mariƙinta, tsakuwa ko yashin da ake zubawa ana girgizawa kuwa suna karce robar ne su ƙara mata ramuka, kuma ba ta bushewa sosai ko an kife ta. Warin da yake tashi daga tsohuwar jarkar madara warin yauƙin ne, kuma duk madarar da aka zuba a cikinta ta riga ta sami irin lalacewa kafin ta isa gari. Mazubin ƙarfe mai faɗin baki ya fi tsada a ranar saye, amma idan aka lissafa madarar da ake mayarwa a cibiyar tattarawa saboda ta tsinke, tsadar takan koma kan jarkar. Soson da ake wanki da shi ma abin dubawa ne, domin soson da yake kwana a jiƙe yana iya zama abu mafi ƙazanta a ɗakin; buroshi ya fi shi, kuma ya kamata a ware na kayan madara daban da na wanke ƙasa, a riƙa rataye shi ya bushe.

Maganar ƙwarya kuwa tana buƙatar adalci. Cikin ƙwarya yana da ƙofofi masu shan ruwa, kuma babu shakka yauƙi yana zama a ciki, sai dai a ƙwaryar da aka keɓe wa nono mazaunan sukan kasance ƙwayoyin tsami ne masu amfani, waɗanda suke taimaka wa madara ta yi barci da wuri, tsaminsu kuma yana danne da yawa daga cikin masu cutarwa. Irin wannan ba a ƙasar nan kaɗai yake ba: masu yin cukun Ragusano a tsibirin Sisili na Italiya da masu yin cukun Salers a Faransa suna amfani da randunan katako har yau, kuma bincike ya nuna cewa yauƙin da yake jikin katakon shi ne yake ba madararsu irin tsamin da suke so. Sharaɗin dai shi ne kowane mazubi ya tsaya a aikinsa. Ƙwaryar kindirmo ba ta dace da madarar da ake son ta isa cibiyar tattarawa da ɗanyenta ba, domin za ta fara tsami a hanya, kuma tsami ba ya maye gurbin dafa madara tun farko, ba ya kuma gyara ƙwaryar da ta fashe aka ɗinke, ko wadda aka wanke da ruwan kududdufi.

Ruwan ɗaurayar ƙarshe dole ya zama wanda za a iya sha, in ba haka ba wankin ya koma baya a matakinsa na ƙarshe, kuma inda ake shakkar ruwan sai a tafasa shi. Bayan haka a kife mazubai a kan wani abu mai tsayi da iska take ratsawa, a bar su su tsane su bushe da kansu a inuwa mai tsabta ko a rana inda ƙura ba ta kaiwa, ba tare da an goge su da tsumma ba. Game da tabbatar da cewa wankin ya yi, manyan masana'antu suna da ɗan tsinken auduga da ake shafawa a jikin na'ura a sa a wani ƙaramin ma'auni, wanda cikin ƙasa da minti guda yake nuna ko akwai ragowar abu mai rai ko na abinci a wurin, suna kuma aika samfur ɗakin gwaji a kai a kai. Wanda ba shi da waɗannan yana da tocila da hanci da yatsa da ruwa. Ƙarfen da ya wanku sosai, idan aka kwara masa ruwa, ruwan yakan shimfiɗu ya gangara bai ɗaya. Idan kuwa ya tsaya ɗigo-ɗigo, to akwai sauran maiƙo. Launin shuɗi-shuɗi mai walƙiya kamar bakan gizo bayan ƙarfen ya bushe alamar ragowar furotin ce, farin ɓawo mai kama da alli kuma dutsen madara ne, wanda yake nuna lokacin wankin asid ya yi, ko na ruwan khal ko lemon tsami ga mai ƙaramin aiki. Idan kuma kwanakin da yogot yake yi a firiji kafin ya kumbura suka fara raguwa a hankali alhali madara da irin da ake sawa ba su sauya ba, wurin da ya kamata a fara kwancewa a duba shi ne duk abin da madarar take taɓawa bayan ta sauka daga wuta: matacin, da bokitin sanyayawa, da ludayin juyawa, da tiyo, da bakin famfon ɗurawa.